Bututun Bayan Bango

Duk wanda ya saba bin hanyar Iware daga Jalingo ya san injin shinkafar Hajiya Furera, ko da bai san ita kanta ba. Dogon bututun hayaƙi ake fara hangowa, baƙi ƙirin, ya ɗan karkace, sannan ƙamshin shinkafar da ake turarawa ya tarbi mutum tun kafin ya iso ƙofa. Ita Hajiyar a unguwar Turaki cikin Jalingo take zaune, a gidan da mijinta ya rasu ya bar mata. Kakanninta Zazzagawa ne da fatauci ya kawo su ƙasar Muri, suka yi zamansu, har jikoki suka tashi suna ce wa uwa Dada kamar yadda maƙwabtansu Fulani suke faɗa.

Da durom biyu ta fara sana'ar a ƙofar gida. Ta sayo shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, a garin Mutum Biyu, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kai inji a cashe mata. Mace ce mai zafin nema, ba ta iya zama hannu rabbana, don haka kafin yara su kawo ƙarfi ta sayi fili a bayan gari, ta kafa nata injin, ta kuma samo wani tsohon boila daga wani kamfani da ya rufe. Boilan nan katafariyar tukunyar ƙarfe ce mai dafa ruwa ta tura tururi cikin tankunan shinkafa, ita ce ran wurin gaba ɗaya. Matsalarta cin makamashi. Itace ya yi tsada, hukuma ta sa ido a kan masu sare daji, ɓuntun shinkafa kuwa ci yake kamar takarda, ba ya riƙe wuta. Da wani direban tifa ya kawo mata kwal daga ƙasar Gombe ta gwada, ta ga yadda yake kama wuta ya wuni yana ruruwa, sai ta ce ta rabu da itace ke nan. Mai kula da wutar wani Bamumuye ne dattijo, Ɗanjuma, wanda yake tare da ita tun zamanin durom biyu.

A cikin 'ya'yanta, Ruwaida ce ta yi nisa a boko. Ta karanta ilimin sinadarai, ta yi aure a Zariya, tana koyarwa a jami'a tana kuma neman digiri na uku. Wani hutu da ta zo gida ta bi mahaifiyarta inji, ta tsaya ta daɗe tana kallon tulin kwal, sannan ta ɗaga kai ta bi hayaƙin da ido. Da suka zauna cin abinci a ƙarƙashin rumfa ta ce akwai zaiba a cikin kwal ɗin nan.

Hajiya ta yi dariya. Ta san zaiba, ta taɓa ganinta a hannun masu haƙar zinariya, ruwa mai sheƙi kamar azurfa da ba ya kamuwa da yatsa. Ta ce shekara nawa tana ɗiban kwal da hannunta ba ta taɓa ganin ko ɗigo ba. Ruwaida ta ce ai ba za ta gani ba, 'yar mitsitsiya ce, ta ɓuya a jikin dutsen. Wuta ce take sakinta, ta bi hayaƙi ta fita, babu launi babu wari. Ruwan sama ya sauko da ita fadama da kogi, kifi ya ci, mutum ya ci kifi. Babba yakan daɗe bai ji komai ba, amma ɗan da ke ciki, ƙwaƙwalwarsa take taɓawa. Ta ce injin Dada kaɗai ba zai kashe kowa ba, amma masu ƙona kwal ƙaruwa suke yi, gidajen burodi da masu gasa bulo da injina, kuma abin da ya shiga kogi ba ya fita.

Hajiya ta ce to a wanke hayaƙin da ruwa mana. Ruwaida ta ce nan gizo ke saƙar, domin yadda zaibar take fitowa daga wuta, ruwa ba ya kama ta, zillewa take yi.

"Sai an sa mata dillali, Dada. Wani abu ne muke kira katalis. Shi ba a saye shi, ba a sayar da shi, haɗa ciniki kawai yake yi. Ya haɗa zaibar da wani sinadari da ke cikin hayaƙin, ta canza hali, sai ruwa ya iya riƙe ta."

Wannan Hajiya ta gane shi sarai. Ruwaida ta ce wanda manyan kamfanonin ƙasashen waje suke amfani da shi ya fi ƙarfin mai ƙaramin inji, shi ya sa ta shafe shekaru tana haɗa nata da tokar ɓuntu da wani sinadari mai araha. A ɗakin gwaji ya yi aiki. Abin da ya rage a gwada shi a hayaƙi na gaske, na tsawon watanni. In ya yi, akwai wata jami'a a ƙasar Sin da ta ce za ta ɗauke ta su ci gaba da aikin tare.

Jin cewa tokar ɓuntunta ce, wadda ake kwasa a zubar a bayan katanga, za ta kai 'yarta ƙasar Sin, ya yi wa Hajiya daɗi ƙwarai. Ta ce inji nata ne, ta yi yadda take so.

Aka kira Sadisu mai walda. Ya ƙera akwatin ƙarfe mai girman firji, aka dasa shi tsakanin boila da bututun hayaƙi, a gabansa kuma aka sa tankin da ruwa ke feshi a ciki. Ruwaida ta jera tubalan katalis ɗin da ta haɗa a cikin akwatin, launin ƙasa-ƙasa, kowanne da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, yadda dole hayaƙi ya ratsa ta cikinsu. A can jikin bututun, inda ake hawa da tsani, ta maƙala ɗan famfo mai zuƙo hayaƙi ya bi ta cikin wata 'yar kwalba siririya kamar yatsa, cike da baƙin gari. Kwalbar ce mai shaida: duk zaibar da ta tsere wa akwati da tanki, a nan take maƙalewa, a kai Zariya a auna.

Awon farko ya fito da kyau. Cikin kashi huɗu na zaibar, uku sun tsaya a ruwa. Ruwaida ta bugo waya cike da murna, Hajiya kuma ta wuni tana ba matan da suka kawo shinkafa labari, ko da yake rabinsu ba su gane abin da take faɗa ba. Duk baƙon da ya zo sai ta ja shi ta nuna masa akwatin.

Ana cikin haka Ruwaida ta samu ciki na biyu, ya zo mata da wahala. Jini ya hau, ƙafafu suka kumbura, likita ya ce ta kwanta, kada ta kuskura ta hau hanyar Jalingo. Ta roƙi mahaifiyarta abu guda: kowace Juma'a Ɗanjuma ya hau ya cire kwalbar ya sa sabuwa, Dada ta rufe bakinta, ta ba direba a tasha ya kai Zariya. Ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba sai nata. Hajiya ta ɗauki aikin da muhimmanci. Da kanta take naɗe kwalbar a tsumma, ta sa a gwangwanin madara, ta hau Keke zuwa tasha, ta tsaya sai ta ga motar ta tashi.

Kaka ta yi, shinkafa ta zubo. Shekarar an samu albarka a Gassol, motoci suna sauke shanshera dare da rana, matan Iware da na ƙauyukan kusa suna kawo tasu a turara musu. Boila ba ya hutawa. A nan ne Ɗanjuma ya fara ƙorafi. Wuta ba ta ja, hayaƙi yana dawowa ta bakin murhu yana cika rumfa, tururi ya yi sanyi. Aikin da ake gamawa kafin azahar sai ya kai la'asar. Ya leƙa akwatin ya ga toka ta toshe ramukan tubalan. Ya hura da injin hura iska, ya ɗan buɗe, bayan kwana kaɗan ya sake cushewa.

Shinkafar da aka jiƙa ba ta jira. In ta wuce lokacinta a ruwa sai ta yi tsami, warin kuma ba ya fita ko an cashe. Wata Talata tanki guda ya lalace, kuma ba shinkafar Hajiya ba ce, ta wata mata ce daga Iware mai suna Patience, noman shekararta gaba ɗaya. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ɗebi shinkafar ta shinshina, ta zauna a kan buhu ta rufe fuska da zane. Hajiya ta musanya mata da tata, amma abin ya tsaya mata a rai, ga kuma layin wasu matan suna kallo, kowacce da tata a jiƙe.

Ɗanjuma ya same ta a gefe. Ya ce da Hausarsa ta mutanen dutse, mai mayar da mace namiji: "Hajiya, ki buga wa Ruwaida. Shi ne ya san abin nan. Ya ce kar a taɓa."

Ta ɗauko wayar, har ta nemo lambar. Amma a satin ne aka kwantar da Ruwaida a asibiti, mijinta Ismail ya ce likita ya hana a gaya mata duk abin da zai tayar mata da hankali. Hajiya ta mayar da wayar cikin jaka. Ta aika aka kira Sadisu, ta tambaye shi ko akwai yadda hayaƙi zai wuce ba tare da ya bi akwatin ba. Ya ce abu mai sauƙi ne. Ya fasa ta ƙasa, ya ja wani bututu ta bayan bangon rumfar boila, inda ake tara tarkace, ya haɗe shi da babban bututun, ya sa masa marfi mai hannu. Aka buɗe marfin, wuta ta yi gurnani ta tashi, tururi ya dawo da ƙarfinsa. Akwatin yana nan a inda yake, babu abin da ya taɓa shi, sai dai ya huce.

Ta gaya wa kanta na ɗan lokaci ne, da cunkoson ya ragu za a rufe marfin. Ta kuma yi tunanin ranar Juma'a za ta sa a mayar da hayaƙin ta akwati kafin a cire kwalba. Ɗanjuma ya tuna mata cewa kwalbar duk sati take shan hayaƙi, ba ranar Juma'a kaɗai ba. Ta bar marfin a buɗe. Da Juma'ar ta zo ya hau tsani ya ciro, ya miƙa mata bai dube ta ba. Ta naɗe a tsumma, ta sa a gwangwani, ta kai tasha. A ranta tana cewa in ba ta aika ba Ruwaida za ta tambayi dalili, in ta faɗi dalili jininta zai hau. Wannan gaskiya ne. Akwai kuma wata gaskiyar da ba ta son dubawa: zaibar nan ba ta taɓa ganinta ba, shinkafar Patience kuwa ta shinshina ta da hancinta.

Cunkoso bai ragu da wuri ba. Aka gama ta damina, ta fadama ta shigo. Kwalabe suka ci gaba da tafiya Zariya, wani abokin aikin Ruwaida yana aunawa yana kai mata sakamako a gadon asibiti. Wata rana da hantsi ta bugo, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta tambaya ko an canza kwal. Hajiya ta ce a'a, shi ne dai na kullum. Ta tambaya ko famfon yana aiki, ko ruwan tanki yana feshi. Duka Hajiya ta ce e, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai ta tambaya ko akwatin yana nan lafiya.

"Yana nan yadda kika bar shi," in ji Hajiya.

Ruwaida ta ja numfashi. Ta ce to ya mutu ke nan. Akwai wani sinadari a hayaƙin kwal, farar wuta, da yakan lulluɓe irin waɗannan tubala ya kashe su. Tsoron da take ji ke nan tun farko, ta ɗauka ta yi masa magani, ashe ba ta yi ba. Zaibar tana fita kamar babu akwati a wurin. Ta ce a ci gaba da aiko kwalaben zuwa ƙarshen wata don ta tabbatar, sannan a bari.

Maganar ta zo wa Hajiya har leɓe. Amma ta ji ana kiran Ruwaida za a gwada jininta, ta ce Allah ya sauke ta lafiya, wayar ta katse. Ta daɗe a zaune a kan benci. Ta ce a ranta bari Ruwaida ta haihu tukuna.

Ruwaida ta haihu lafiya, mace, aka sa wa jaririyar Najiba. Hajiya ta tafi Zariya suna da buhun shinkafa da kifin Ibbi busasshe, da niyyar in an watse za ta ja 'yarta ɗaki ta gaya mata. Washegarin suna, Ismail yana raka wasu baƙi, ta ji yana ba su labari a tsakar gida cewa maganar ƙasar Sin ta wuce. Ruwaida ta rubuta musu gaskiyar abin da ta gani, sun yi godiya, sun ɗauki wani. Har ta rubuta sakamakon an karɓa za a buga, don masu irin wannan bincike su san cewa tokar ɓuntu ba ta jure hayaƙin kwal. Yana faɗa ne da alfahari, wai matarsa ba ta ɓoye faɗuwa.

Hajiya ta shiga ɗaki ta tarar da Ruwaida tana shayarwa, ta rame, amma fuskarta a sake. Ita ce ma ta fara maganar, ta ce Dada ta yafe mata wahalar da ta sa ta, zirga-zirgar tasha duk sati a kan abin da bai yi ba. Ta ce ta sauya batun digirinta zuwa awon ruwan rijiyoyi, ya fi sauƙi ga mai goyo. Hajiya ta dubi jaririyar, ta dubi uwar. Ta ga in ta yi magana yanzu babu abin da zai dawo, sai dai ta ɗora wa mai jego baƙin ciki. Ta ce komai da lokacinsa, ta karɓi Najiba ta saɓa a kafaɗa. Ta yi sati biyu a gidan, kullum da safe ta ce yau, da yamma ta ce gobe, har ta hau mota.

Ta dawo Jalingo ta daina bi ta gefen akwatin. In baƙo ya tambaya mene ne wannan, sai ta ce wani gwaji ne na yara, ta ja shi gaba. Iska ta yaye kwanon rufin wajen da farkon damina, ba ta sa an gyara ba, domin gyaran yana nufin ta tsaya a wurin. Ɗanjuma bai sake tayar da maganar ba. Sau ɗaya kawai ya tambaya ko a rufe marfin tunda aiki ya yi sauƙi, ta ce a bari, mai abin ma ta haƙura.

Sai da Najiba ta fara tafiya sannan Ruwaida ta zo gida, hutun Babbar Sallah. Kwana biyu bayan Sallah da safe ta ce za ta leƙa inji, tana so ta ɗauki tubali ɗaya ko biyu ta yanka ta ga yadda farar wutar ta ci su, ko ɗalibanta sa ƙaru. Hajiya ta ce wurin duk datti ne, ta bari a kawo mata. Ruwaida ta ce ba komai, ta ɗauki mayafi. Hajiya ta bi ta, suka shiga Keke ɗaya.

Ɗanjuma ya kwance ƙusoshin akwatin. Ruwan sama ya shiga, tubalan sama sun jiƙe sun ruguje kamar bangon ƙasa. Ruwaida ta zaro ɗaya daga ƙasa, ta juya shi a hannu, ta kai shi haske. Ramukan a cushe suke da toka tam. Ta ce in sun toshe haka, ta ina hayaƙin yake bi? Boila yana ci a lokacin, ta ɗora tafin hannu a jikin akwatin, ta ji shi sanyi ƙalau. Sai ta sunkuya ta bi bututun da ido, ta zagaya bayan bango, ta ture wasu tsofaffin buhuna. Ta daɗe a can. Da ta fito ba mahaifiyarta ta duba ba, Ɗanjuma ta tambaya yaushe aka yi wannan. Ya sunkuyar da kai ya ce tun kakar bara waccan, lokacin da shinkafar matar Iware ta lalace. Ta tsaya tana lissafi a zuci, leɓunanta suna motsi.

Suka koma ƙarƙashin rumfar da suka taɓa cin abinci. Hajiya ta faɗi komai, toshewar da tsamin shinkafar da maganar likita. Tana faɗa tana jin yadda dalilan da suka yi mata nauyi a wancan lokaci suka zama marasa nauyi a bakinta. Ruwaida ta saurara har ƙarshe, tubalin yana kan cinyarta yana ɓata mata atamfa.

"Da kin gaya mini ya toshe, Dada, da na ce a sa raga a gaba ta tare tokar. Aikin yini ɗaya ne. Ko ki buɗe bututun, ki ce mini kin buɗe. Ba zan ce ki bar shinkafar mutane ta ruɓe ba."

"Na ji tsoron jininki."

"Na sani. Bayan na haihu fa?"

Can Hajiya ta tambaya, a hankali, ko ke nan abin bai mutu ba, yana aiki. Ruwaida ta ce ba ta sani ba. Wataƙila da ya jure, wataƙila da farar wutar ta kashe shi kamar yadda ta zata. Ruwa ya wanke tubalan, ba za su faɗi komai ba yanzu. Abin da ta sani kawai shi ne ta gaya wa duniya cewa ta gwada ya faɗi, alhali ba a gwada ba. Ta miƙe ta karkaɗe jikinta, ta ajiye tubalin a kan benci, ta yi wa Ɗanjuma sallama da ladabi, ta ce masa ba laifinsa ba ne.

Ta ƙarasa hutunta a gida. Ta yi wa mahaifiyarta girki, ta kai Najiba gidajen dangi, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Hajiya ta gwammace da ta yi faɗa. Ranar tafiya, a tasha, Hajiya ta ce za ta sa a ƙera sabon akwati, da ragar da komai, ko aikin inji zai tsaya wata guda. Ruwaida ta ce haɗa tubalan kaɗai shekara ne, ɗakin gwajin da ta yi amfani da shi an ba wasu, ga digirin da ta riga ta yi nisa a wani batun. Ta ce a bari tukuna, Allah ya sa da rabo.

Da ta koma Zariya ta je wurin malaminta ta faɗa masa, ta rubuta wa waɗanda suka buga sakamakon ta ce a janye shi, an samu kuskure a wurin gwaji. Ismail ne ya gaya wa Hajiya wannan daga baya. Ya ce an yi ta tambayarta wane irin kuskure, wa ya yi shi, ta ce ita ce ba ta je ta duba da idonta ba, ba ta ƙara komai a kai ba. Wasu a wurin aikin sun daɗe suna yi mata kallon mai sakaci. Ta gama digirinta a kan ruwan rijiya, Hajiya ta je bikin, aka yi hotuna.

Hajiya ta sa Sadisu ya gyara rufin, ya share akwatin, ya shafa masa fenti, ya kuma ƙera ragar kamar yadda ta ji an kwatanta. Babu abin da za a sa a ciki, amma ta ce a bar shi a shirye. Ta rage kwal, tana gauraya shi da ɓuntu duk da cewa wutar ba ta kai da ba, Ɗanjuma yana mita yana zubawa. Dainawa gaba ɗaya kuwa ba ta iya ba, mutum goma sha wani abu ne suke ci a wurin.

Suna waya duk mako. Ruwaida takan tambayi gwiwar Dada, da farashin shinkafa, da lafiyar Baba Ɗanjuma, ta ba Najiba wayar ta yi gwaranci. Da can takan kira ta zauna tana ba mahaifiyarta labarin aikinta dalla-dalla, tana nemo misalin kasuwa da na kicin don ta gane, Hajiya tana dariya tana cewa ita ba ta yi boko ba. Yanzu in Hajiya ta tambaya yaya aiki, sai ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ta wuce zuwa wata maganar. Bara ta sake haihuwa, namiji, ta ce Dada ta zo ta zauna da ita wata biyu. Hajiya ta bar wa Ɗanjuma inji ta tafi.